Kada Mu Yarda da "Sai An Yi Fomatin": Idan Tsohuwar Kwamfuta Ta Ƙi Tashi



Yau ba maganar zubin labari ko gina taurari za mu yi ba. Maganar akwatin da muke zuba labarin a cikinsa za mu yi. Da yawa daga cikinmu ba da sabuwar kwamfuta muka fara rubutu ba. Tsohuwar kwamfutar tebur ce 'yar gwanjo, ko wadda aka sallama daga wani ofis, ko wadda yaya ya bari a ɗaki ya yi gaba. Wasunmu kuma sun ɗora mata babbar manhaja biyu, Windows da Linux, idan an kunna sai mutum ya zaɓi wadda zai shiga. Ana nan ana tafiya lafiya, sai wata safiya a danna maɓalli ta ƙi tashi. Allo baƙi ƙirin, ko wasu 'yan kalmomin Turanci da ba mu gane kansu ba, ga babi ashirin na littafi a ciki.

Abin da ke biyo baya mun san shi. A naɗe ta a zani, a ɗora a Keke Napep, a kai wa mai gyara. Ya kunna, ya duba minti biyu, ya ce: "Sai an yi fomatin." Da yamma a dawo da ita tana tashi garau, amma fayau, ba ko harafi ɗaya. Mun ga 'yar uwa da ta rasa rubutun shekara biyu ta wannan hanya, daga baya aka gane batiri ne ɗan mitsitsi ya mutu.

Ra'ayinmu a nan guda ɗaya ne: ƙin tashin kwamfuta ba mutuwar rubutu ba ne. Mafi yawan lokuta mabuɗin ɗaki ne ya ɓata, kayan ɗakin suna nan yadda aka bar su. Don haka marubucin da ke aiki da tsohuwar kwamfuta wajibi ne ya san matakan tashinta, ko da ba zai taɓa riƙe sukudireba ba, domin ya iya cewa "dakata" kafin a goge masa aiki.

Me ya sa ma muke riƙe da manhaja biyu? Akwai dalili. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a watan Afrilun 2014, ya daina kula da Windows 7 a watan Janairun 2020, kuma ya sanya 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar ƙarshe ta tallafin Windows 10 na gama-gari. Tsofaffin injinanmu ba za su ɗauki Windows 11 ba. Sai muka bar tsohuwar Windows saboda manhajojin tsara littafi da muka saba da su, muka ƙara Linux a gefe don shiga intanet cikin kwanciyar hankali. Dabara ce mai kyau, tsohuwar zuma ai da ita ake magani. Sai dai gida mai ƙofa biyu yana bukatar mai gadi da ya san su duka.

Ga yadda tashin yake. Idan muka danna maɓalli, ba Windows ce ke fara farkawa ba, ba kuma Linux ba. Wata 'yar manhaja ce da ke zaune a jikin madabod, ana kiranta BIOS. Ita ke duba ko kayan ciki suna da rai, sannan ta bi jerin wuraren da aka ce ta nemi abin tashi. A tsofaffin injina takan je farkon ma'adanar bayanai, wadda masu gyara ke kira had-dis, ta karanta wani ɗan gurbi mai bayit 512 kacal. Mu marubuta mu auna shi da abin da muka sani: wajen haruffa 512 ke nan, sakin layi ɗaya matsakaici. A cikinsa bayit 446 umarnin tashi ne, 64 kuma taswirar yadda aka raba ma'adanar. A injin mai manhaja biyu, wannan umarni ne ke kiran GRUB, wato mai gadin da ke nuna mana jerin zaɓi. Idan wannan ɗan sakin layi ya gurɓace, kwamfuta ba za ta tashi ba, alhali littafinmu yana can wani ɓangare daban, ko ƙura bai taɓa shi ba.

Saboda haka tambayar farko ba "me ya lalace?" ba ce. Tambayar ita ce: a ina ta tsaya?

Idan ta tsaya tun kafin komai ya fito a allo, fanka na juyawa, ko tana ƙarar "tit, tit, tit", to ba ruwan Windows ba ruwan Linux. Matsalar ta jiki ce. A ƙasarmu babban wanda ake zargi shi ne ƙurar hunturu. A zare wayar wuta daga bango, a buɗe murfi, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa komai, a ciro sandunan RAM a share su a mayar har su yi "ƙas". A duba wayar allo ko ta yi sako-sako. A kuma dubi 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan madabod. Idan kawunansu sun kumbura ko sun zubo da wani abu, madabod ɗin ne ya gaji. Ko a wannan hali, ana iya ciro had-dis a jona shi da wata kwamfuta a kwashe rubutu. Fomatin ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Idan tambarin kamfani ya fito, sannan ta ce ba ta ga abin tashi ba, mu fara duba abu mafi sauƙi: ko mun manta filash a jikinta. Sannan mu shiga BIOS, galibi da F2 a injinan Dell, F10 a na HP, mu kalli kwanan wata. Idan mun ga ya koma shekarun baya, to ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, ya mutu. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS idan babu wuta, kuma mu da wuta ke ɗauke mana kullum mun fi saurin cinye shi. Idan ya mutu saiti yakan koma na asali. Jerin tashi ya sauya, kuma hanyar da injin ke magana da had-dis tana iya komawa daga AHCI zuwa IDE, ko akasin haka. Windows 7 ba ta jure wannan sauyi. Sai ta watso shuɗin allo mai lamba 0x0000007B, yayin da Linux sau da yawa takan tashi abinta. Maganin shi ne sabon batiri da mayar da saitin yadda yake. Ana samun batirin ko a wurin masu gyaran agogo.

Idan kuma mai gadi ne ya ɓace, alamun biyu ne. Ko dai kwamfuta ta wuce kai tsaye cikin Windows kamar ba a taɓa sa mata Linux ba, wanda yakan faru bayan an sake ɗora Windows, domin takan rubuta nata umarnin a kan wancan ɗan gurbi ba tare da ta tambayi kowa ba. Ko kuma allo ya tsaya a kan "grub rescue>", wanda yakan biyo bayan goge ɓangaren Linux ko matsar da shi. A nan akwai tarko. Windows ba ta karanta tsarin ext4 da Linux ke ajiya da shi, don haka sai ta nuna ɓangaren kamar wani fili da ba ta san mai shi ba, wani lokacin har ta tambaya ko a goge shi. Kada mu amsa mata da "to". Ana dawo da GRUB da filash mai ɗauke da Linux da wata manhaja kyauta mai suna Boot-Repair. Idan kuwa da gaske an rabu da Linux, faifan Windows da umarnin bootrec /fixmbr sukan dawo da tashinta. Duka biyun ba sa taɓa fayilolinmu idan an bi a hankali.

Idan jerin zaɓi ya fito, ɗaya ta tashi ɗaya ta ƙi, to a nan ne manhaja biyu ke biyan kuɗin wahalarta. Mu shiga ta ƙofar da ta buɗu, mu kwashe kaya. Linux tana karanta ɓangaren Windows. Tun daga Windows 8 akwai wani tsari na saurin tashi da ke sa Windows ba ta rufewa gaba ɗaya, wanda kan sa Linux ta buɗe ɓangaren don karatu kawai. Wannan ya ishe mu, ai kwafa muka zo yi. Kuma kada mu riƙa ɗora wa kanmu laifi kullum. A watan Agustan 2024 wani sabuntawar tsaro na Windows ya hana Linux tashi a kwamfutoci masu manhaja biyu a sassan duniya, Microsoft ma ya amince da faruwar hakan. Waɗanda abin ya shafa ba su yi kuskuren komai ba, kuma fayilolinsu suna nan.

Akwai kuma abin da ba cuta ba ne amma yana tsorata mutane: agogo ya riƙa bambanta da awa ɗaya duk lokacin da aka fita daga Linux aka shiga Windows. Linux na ajiye agogon injin bisa lokacin duniya, Windows bisa lokacin gida, mu kuma a Nijeriya da Nijar muna gaba da lokacin duniya da awa ɗaya. Saiti ne kawai.

Yanayi ɗaya ne muke cewa a ji tsoro na gaske: idan had-dis yana ƙarar "ƙyas, ƙyas", ko BIOS ta gan shi yanzu ta rasa shi anjima. Wannan ma'adana ce ke mutuwa. Kowace kunnawa tana rage mata kwana. A kashe, a daina gwaji, a nemi wanda ya san aikin ceto bayanai, ba mai ɗora manhaja ba.

Duk wannan bayani yana komawa ga ƙa'ida ɗaya: a kwashe kafin a gyara. Kowannenmu ya tanadi filash mai Ubuntu ko Linux Mint tun injin yana da lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Da shi ake tayar da kwamfuta ba tare da an ɗora komai ba. A zaɓi gwaji, kada a zaɓi ɗorawa. A kwafe rubutu zuwa wani wuri, a buɗe fayil biyu ko uku a tabbatar suna karantuwa, sannan a fara maganar gyara.

Mu masu rubutun Hausa muna da ƙarin abin kwafa da mai gyara ba zai tuna ba. Kafin haruffa masu lanƙwasa su wadata a kwamfuta, da yawa sun yi rubutu da samfuran haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Rubutun da aka yi da irin waɗannan, idan aka buɗe shi a injin da babu su, sai ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su zama wasu alamomi. Don haka a kwafe foldar Fonts da ke cikin foldar Windows tare da rubutun. In ba haka ba, za mu ceto littafi amma mu kwana muna gyara "ƙasa" da "ɗaki" ɗaya bayan ɗaya.

Mun san wani zai ce: "Ni marubuci ne, ba injiniya ba." Gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya koma buɗe madabod ba. Amma mai mota da ba makanike ba ne ya san bambancin ƙarewar mai da bugawar inji, shi ya sa ba a sauke masa inji don tanki ya bushe. Wani kuma zai ce manhaja biyu ita ce ta jawo rikicin, a zauna da ɗaya a huta. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin mai gadi ɗaya ne ke tsaron ƙofa biyu, idan ya faɗi duka sun rufe. Wanda ba ya bukatar tsohuwar Windows, ya kwashe kayansa ya zauna da Linux kaɗai. Amma wanda aikinsa ke bukatar duka biyun, ilimin da ake nema a wurinsa bai fi abin da muka zayyana a sama ba.

Masu gyara ma ba mugaye ba ne. Mu ne ke zuwa da gaggawa, muna son a gama yau, muna taya aikin da araha. Fomatin ya fi sauri, bincike kuwa yana cin lokaci, kuma ba wanda ya gaya masa cewa fayil mai suna "sabo na ƙarshe 3" shi ne wahalar shekara biyu. Mu ne za mu faɗa. Idan za mu kai gyara, mu ɗauki hoton saƙon da allo ya nuna, mu tuna abin da muka yi na ƙarshe kafin ta ƙi tashi, mu ce masa a fili: "Malam, akwai rubutu a ciki, kada a goge komai sai an kwafe a gabana, zan biya kuɗin lokacinka." Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, mu ɗauki kayanmu mu yi gaba.

Aikin wannan mako ba rubuta sabon babi ba ne. Kowa ya kwafe abin da ya riga ya rubuta zuwa wuri biyu: filash ɗaya, sannan ya aika wa kansa ta imel. Wanda ke da tsohuwar kwamfutar tebur ya shiga BIOS ya ɗauki hoton saitinta yau, tun tana tashi, ya kuma duba ko agogonta na tafiya daidai. Wanda ya taɓa ceto rubutunsa daga injin da ya ƙi tashi, ya ba mu labarin yadda ya yi, domin na baya su amfana.

Allah Ya tsare mana alƙalumanmu da abin da suka rubuta. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.