Ciwon Hanta: Takardar Gwaji Ɗaya Ba Ta Isa Ba

'Yan'uwa, ikilisiyoyi da dama suna neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure, kuma daidai ne. Amma idan ta nuna ciwon hanta nau'in B, sai hankalin dattawa ya tashi. Ba baƙon ciwo ba ne: binciken ƙasa na 2018 ya same shi a jikin kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Nijeriya.

Ƙwayar cutar nan ba ta zama yadda take. Duk lokacin da ta hayayyafa a cikin hanta tana yin kurakurai da ba ta iya gyarawa, har mutum guda ya ɗauki ire-irenta da yawa. Wani irin yakan daina fitar da alamar da likitoci ke kira HBeAg, alhali yana ci gaba da cin hanta. Saboda haka rashin wannan alamar ba warkewa ba ne. Sai an auna yawan ƙwayar a jini. Haka ta riƙa gagarar maganin lamivudine, shi ya sa likitoci suka koma kan tenofovir da entecavir.

Muna roƙon fastoci da dattawa, daga Gesse har Argungu: wanda ya tashi ya ba da shaidar samun sauƙi, a yi murna tare da shi, amma kada a bar shi ya ajiye magani ba da sanin likita ba, gama cutar na iya dawowa da ƙarfi. Kada kuma a fasa aure da gaggawa. Wanda ba shi da cutar sai ya yi allurar rigakafi sau uku, jariri kuma a yi masa tasa cikin awa 24 da haihuwa.