Alheri Mai Tsada Da Alheri Mai Araha

'Yan uwa ɗalibai da ma'aikata masu karatu, akwai wata fassara da akan yi wa manyan littattafan Amurka na dauri, wai darasinsu a fili yake: ka yi alheri ka ga alheri. Mu a wannan mujalla muna ganin fassarar nan ta yi sauƙi da yawa, har tana neman tauye wa marubutan haƙƙinsu. Duk wanda ya zauna ya karanta su a tsanake zai tarar cewa marubutan nan suna rarrabe alheri gida biyu. Akwai wanda mai yinsa kan biya da abin da yake ji da shi, shi ne mai canja halin mutum. Akwai kuma na araha, wanda mai hannu da shuni kan saya domin zuciyarsa ta bar damunsa, ya wayi gari yadda yake jiya.

Bari mu fara da Adventures of Huckleberry Finn na Mark Twain, wanda ya fito a Ingila a 1884, a Amurka kuma a 1885. Labari ne na yaro Huck, ɗan wani mashayi, da Jim, bawan wata mata Miss Watson, wanda ya gudu da ya ji za a sayar da shi dala 800. Su biyun suka bi Kogin Misisifi bisa wani gadon katako irin na fito. A cikin tafiyar nan Jim, wanda bai mallaki ko da kansa ba, shi ne mai kyauta. Yakan ci gaba da gadi da dare ya bar yaron yana barci, ko da kuwa lokacin yaron ne ya yi. Da suka tarar da gawa cikin wani gida da ambaliya ta ɗauko, Jim ya rufe ta ya hana Huck dubawa, domin ya gane uban yaron ne, bai kuwa gaya masa ba sai a ƙarshen littafin.

Wannan hali na Jim shi ya riƙa sassaƙa Huck a hankali. Ran da hazo ya raba su, Huck ya dawo ya yi masa wasan banza wai mafarki ya yi, Jim ya nuna masa ɓacin ransa, yaron kuwa ya sauke girman kan da aka raine shi a kai ya nemi gafarar bawa. Daga baya, bayan wani ɗan damfara ya sayar da Jim dala 40, Huck ya rubuta wa Miss Watson wasiƙa zai tona inda yake, domin haka aka koya masa cewa shi ne daidai. Sai ya tuna da gadin nan na dare, ya kekketa wasiƙar, alhali ya sakankance cewa ya sayi wuta ke nan a lahira. Yaron ya yi kuskure wajen hukuncin da ya yanke wa kansa, amma a iya saninsa ya ba da mafi tsadar abin da yake da shi.

To, a gwada wannan da abokinsa Tom Sawyer. Tom ya san sarai Miss Watson ta mutu ta 'yanta Jim cikin wasiyyarta, amma ya ɓoye, ya bar shi a tsare domin ya more wasan kuɓutar da fursuna. Da aka harbi Tom a ƙafa, Jim ne ya fito daga maɓoyarsa ya taimaki likita jinya, ya yarda a sake kama shi. Sakamakon da Tom ya yi masa shi ne dala 40, daidai kuɗin da aka sayar da shi. Tom ya yi kyauta, babu shakka, amma ya fita daga littafin da halin da ya shigo da shi.

Irin wannan alheri na araha babu wanda ya tone shi kamar Herman Melville a cikin gajeren labarinsa Bartleby, the Scrivener na 1853. Wani lauya ne a unguwar masu kuɗi ta Wall Street ya ɗauki akawu mai kwafe takardu, sunansa Bartleby. Ana nan sai akawun ya fara ƙin aiki cikin ladabi, ba faɗa ba gardama, har ya daina komai, ya kuma mai da ofis wurin kwanansa. Lauyan ba mugu ba ne, ya yi haƙuri da shi ƙwarai. Amma shi da kansa yake gaya mana lissafin da ya yi, cewa haƙurin ba zai ci masa kuɗi mai yawa ba, zai kuwa sama masa jin cewa shi mutumin kirki ne. Da abokan hulɗarsa suka fara tsegumi, sai ya tattara kayansa ya canja ofis ya bar akawun a can, bayan tun farko ya miƙa masa dala 20 a kan albashinsa domin ya rabu da shi. Aka kai Bartleby kurkuku, lauyan ya biya mai abinci ya kula da shi, Bartleby ya ƙi ci har ya mutu. Tausayin lauyan ya tsaya cak daidai inda sunansa da cinikinsa suka fara taɓuwa.

Wata fuskar kuma ita ce alherin da ake ɗagawa sai gobe. Uncle Tom's Cabin na Harriet Beecher Stowe ya fito a 1852, shekara 2 bayan dokar 1850 wadda ta tilasta wa mutanen arewacin Amurka mayar da bayin da suka gudu. An sayar da kwafi wajen 300,000 a Amurka cikin shekararsa ta farko. Iyayen gidan Tom guda biyu na farko masu sauƙin hali ne. Shelby yana yabon amanarsa, amma da bashi ya kama shi sai ya sayar da shi. St. Clare ya yi masa alkawarin 'yanci, ya fara maganar takardu, ya yi ta jan jiki har aka soke shi da wuƙa wajen rabon faɗa, matarsa ta kai Tom kasuwa, ya faɗa hannun azzalumi Legree inda ya mutu da duka.

A gidan nan kuwa akwai Miss Ophelia, 'yar uwar St. Clare, wadda take ƙin bauta da baki amma ba ta iya jure 'yar baiwa Topsy ta taɓa jikinta, yarinyar kuma ta gane haka. Sai da Ophelia ta amsa wannan aibi nata ta yaƙe shi, sa'an nan tarbiyyarta ta fara kama yarinyar. Ita ce kuma ta tsare St. Clare ta ce lalle ya rubuta mata takardar mallakar Topsy nan take ya sa hannu, domin ta kai ta inda za ta zama 'ya. Ya yi mata dariya, amma ya rubuta. Tsakanin Topsy da ta tsira da Tom da ya halaka, takarda guda ce wadda aka sa wa hannu a kan lokaci.

John Steinbeck ya ƙara wani sharaɗi a cikin The Grapes of Wrath na 1939, labarin iyalin Joad waɗanda fari da guguwar ƙura da bankuna suka kora daga gonarsu a Okalahoma suka nufi Kalifoniya. Sharaɗin shi ne kiyaye mutuncin wanda ake ba. Wata mai hidima a gidan abinci na bakin hanya ta sayar wa wani matalauci alewa 2 a kan senti 1 domin 'ya'yansa, alhali kowace ɗaya senti 5 ce, ta bar shi ya tafi a matsayin mai saye, ba mabaraci ba. Uwar gidan Joad ta bar wa yaran sansani ragowar tukunyarta ga iyalinta ba su ƙoshi ba, sai ga uwar ɗaya daga cikin yaran ta zo tana faɗa, domin kyautar ta tona asirin gidanta. A ƙarshe 'yarta Rose of Sharon, wadda tun farkon tafiya kanta kawai ta sani, ta haifi ɗa babu rai, ta shayar da wani baƙo da yunwa ke shirin kashewa da nononta.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai tausayi bai taɓa rushe zalunci ba. Akwai gaskiya a nan, domin sai da aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865 kafin a haramta bauta a Amurka. James Baldwin ya soki littafin Stowe a 1949 bisa cewa ya cika neman hawayen mai karatu, Percival Everett kuma ya sake ba da labarin Huck daga bakin Jim a littafinsa James na 2024, domin bawan ya faɗi nasa da kansa. Amma sukar nan tana ƙarfafa maganarmu ne. Shelby da St. Clare da lauyan Melville duk masu tausayi ne, littattafan kuwa ba su wanke ko ɗaya daga cikinsu ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa da su koma ga littattafan nan da wannan ma'auni a hannu, su kuma auna kansu da shi. Da yawa daga cikinmu sun riga sun zauna bayan tebur, saura kuma suna kan hanya, takardun bayin Allah za su riƙa biyowa ta hannunmu. Sakin fuska da daɗin baki ba su da tsada, St. Clare ma yana da su. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Haka ne, amma sai an yi shi tukuna, kuma a yi shi yau, tun mai buƙata yana tsaye a gabanmu.