Asalin Talaka Ma Tarihi Ne

Duk wanda ya duba Tarihin Kano zai tarar da sunayen sarakuna a jere, tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, kowane da shekarun sarautarsa. Amma idan aka tambayi ɗalibi sunan kakan kakansa, sai ya yi shiru. Ba rashin hanyar bincike ya jawo haka ba, illa dai an ɗauka cewa rayuwar manomi da marini da maƙeri ba ta cancanci a rubuta ta ba.

Littafin Baba ta Karo ya isa ya kawar da wannan zato. Tsohuwa ce ta ƙasar Zazzau wadda ba ta riƙe sarauta ba. Mary Smith ta ɗauki labarinta tsakanin 1949 da 1950, ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Da an yi jinkirin shekara biyu, da duk abin da ta sani game da aure da bauta da zuwan Turawa ya bi ta kabari.

Saboda haka wajibi ne mai neman tarihin kakansa ya fara da tsofaffin gida. Ba su ƙidaya shekara da lamba, amma suna danganta ta da abin da ya auku. Idan suka ce an haifi mutum shekarar da Turawa suka ci Kano, 1903 ke nan. Idan lokacin yunwar Kakalaba ne, wajen 1914. Idan na Marisuwa ne, 1918. Daga nan sai a gwada maganarsu da abin da ke rubuce: wasiƙun ajami, da takardun rabon gado na alƙalai, da rahotannin haraji da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna.

Sai dai akwai sharaɗi guda, wato gaskiya. Gidaje da yawa sun fi so a ce kakansu daga Gabas ya fito. Idan bincike ya nuna bawa ne a rinji, ko Bamaguje ne da ya musulunta da girmansa, haka ya kamata a rubuta. Asalin da aka ƙaga ba ya ƙara wa zuriya daraja, yana dai ɓatar da mutumin da ya sha wahalar kafa ta.

Ya kyautu Sashen Hausa ya ɗora wa kowane ɗalibi wannan aiki kafin ya kammala karatu, tun masu ba da labarin suna raye. Allah ya sa a dace.