Wasiƙa Zuwa ga Masu Fentin Mota da Suka Mayar da Ƙofar Gida Gareji

 

Kwanakin baya na je gaisuwa wata unguwa a nan Kaduna, sai na tarar da wani matashi a ƙofar gidansu ya ɗora bambar mota a kan tsofaffin tayoyi biyu yana fesa mata kiliya, wato hawan ƙyalli na ƙarshe. Na ja na tsaya, domin hannun yaron yana da kyau. Ba ya lanƙwasa wuyan hannu a ƙarshen layi, kuma yana sakin kunamar bindiga daidai inda ya kamata. Amma hankici ne kawai a hancinsa, yara uku na tsaye suna kallo, mai tuyar awara na gefe da wutarta, ga gwangwanin madara an ajiye a kan dakali ana jiran a gama. Shi ya sa na rubuto muku.

Ban zo hana kowa nema ba. Na san hayar fili a gareji ta yi tsada, na kuma san mai mota yanzu ya gwammace ya kwance bamba ko madigadi ya kawo maka a keken A Daidaita Sahu, da ya bar motarsa mako guda a hannunka. Maganata guda ce: wurin da za ka yi feshi shi ya kamata ya zaɓa maka fenti, ba ƙyallin da mai mota yake so ba.

Mu da muka koyi aiki a jikin Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kakuri tun 1975, da selulos muka buɗe ido. Fenti ne mai tarihi. Kafin zuwansa sai mota ta yi makonni tana jiran fenti ya bushe, kuma kamfanin Ford ya shafe daga 1914 zuwa 1925 baƙar mota kaɗai yake fitarwa. Da kamfanin DuPont na Amurka ya fito da selulos mai suna Duco, aka fara ganinsa a motocin 1924, sai jiran makonni ya koma na sa'o'i. Sirrinsa shi ne tina ce kawai take tashi ta bar launi a jikin ƙarfe. Don haka yana yafe wa ɗan koyo: in ya yi hawaye ka bari ya bushe, ka goge, ka sake. Laifinsa ranar ƙasarmu ba ta raga masa. Bazara biyu ko uku, sai ka ga rufin mota ya dushe kamar tsohon kwano.

Abin da ya maye gurbinsa iri biyu ne. Akwai mai hadna, wato sinadarin da ke daskarar da fenti, wanda launi da ƙyalli suke fita tare, akwai kuma wanda ake fesa launi shi kaɗai sannan a lulluɓe shi da kiliya mai hadna. A kasuwa muna ce musu otokiril da otobes, alhali Autocryl da Autobase sunayen kayan kamfanin Sikkens ne, kamar yadda kowane garin wanki ya zama Omo a bakin matanmu. Ku riƙe wannan idan kun je kasuwar Panteka ko ta Ƙofar Ruwa: don mai shago ya ce otobes ne, bai gaya maka kamfanin da ya yi shi ba. Ka karanta gwangwani. Ka sayi launi da hadna da tina na gida ɗaya. Mai hadna ba bushewa yake yi ba, daskarewa yake yi, sinadarai biyu ne suke kama juna. In hadnar ta yi kaɗan, fenti zai kwana uku farce na shiga cikinsa. In ta yi yawa, ya yi tauri har ya tsage. Yawancin kiliya kashi 2 ne da hadna kashi 1, faraima mai cika rami kuma sau da yawa 4 da 1, amma abin da aka rubuta a gwangwani shi ne alƙali. Kofin awo bai kai kuɗin farantin shinkafa ba. Mai awo da ido, ko mai tsinka fenti da fetur don tina ta yi tsada, zai gane cewa araha ba ta ado.

Kafin ka ɗora sabo a kan tsoho, jiƙa tsumma da tina ka danna a wani lungu na minti ɗaya. Idan tsohon fentin ya biyo tsumma, to marar hadna ne, kuma sabon zai iya tayar da shi ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Ko dai ka kankare shi gaba ɗaya, ko ka raba su da faraima mai toshewa.

Batun launi kuwa, kada ka yarda da idonka a cikin shago. Kowace mota tana da lambar fentinta. A Toyota tana jikin takardar da ke ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR. 040 fari ne sak, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa, 070 kuma farin nan mai walƙiya. Amma lamba tana gaya maka yadda motar ta fito daga masana'anta ne, ba yadda ta koma bayan shekara 10 a ranar Sakkwato ba. Kwance murfin tankin mai ka tafi da shi wurin mai haɗi, ya fesa maka a ɗan gwangwani, ku fita rana ku duba ta gaba da ta gefe. Ruwan azurfa mayaudari ne. Daga kofi ɗaya, in ka matso da bindiga ya jiƙe sai ya yi duhu, in ka ja baya ya sauka a bushe sai ya yi haske. Shi kuwa 070 hawa uku ne: fari, sannan walƙiya, sannan kiliya. Shawarata, wanda ya kawo maka ƙofa ɗaya tilo mai wannan launi ya ce ka daidaita ta da sauran motar da ba ka gani ba, ka ba shi haƙuri. Rigima ce ya kawo maka a leda.

Bamba ta zamani roba ce, ba ƙarfe ba. Juya bayanta za ka ga an buga PP a jiki, roba ce da fenti ba ya kama ta da kansa. Sai an wanke ta da sabulu, an ɗan karce ta, an fesa mata faraimar roba siririya. In ba haka ba, ranar da aka kai motar wanki aka sa mata ruwa mai ƙarfi, fentin zai ɓare kamar ɓawon dafaffen ƙwai, mai motar kuma ya san hanyar gidanku.

Yanzu ga inda na fi jin takaicinku, kuma inda ni ma na taɓa shan kunya. Ina sabon cin gashin kaina, aka kawo min ƙofar 504 da ta lotsa, ƙasanta ya ci tsatsa. Maimakon in kai wa mai bugun ƙarfe ya fitar da lotsawar, sai na cika ta da fila mai kaurin yatsa, na rufe tsatsar, na fesa. Ta yi kyau har na kira maƙwabta su gani. Wata biyu ba su cika ba mutumin ya dawo daga Zariya da ɓangaren filar a hannunsa, ya ajiye min a kan benci bai ce uffan ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Kitso na yi da ƙwarƙwata. Fila ta share ƙananan tabo ce, milimita 2 ko 3, ba ta gina jikin mota ba. Ba a sa ta a kan tsatsa, ba a kuma goge ta da ruwa, domin tana shan ruwa ta riƙe, daga baya ta kumburo da ƙuraje a ƙarƙashin fenti. Samfefa kuma hawa-hawa ake binta: 80 don sassaƙa fila, 180, 320, sannan faraima, sannan 500 ko 600 kafin launi. Wanda ya yi tsalle daga 80 zuwa faraima zai ga layukan nan sun leƙo bayan mako biyu, lokacin da fenti ya gama zama. Mai ƙyalli ba ya rufa wa kowa asiri, tona shi yake yi, baƙi kuma ya fi kowane launi tsegumi.

Saitin bindiga ba dogon zance ba ne: baki 1.3 ko 1.4 ga launi da kiliya, 1.8 ga faraima, matsin iska wajen bar 2, tazara kamar taƙi ɗaya, kowane layi ya hau rabin na baya, a bar minti 10 zuwa 15 tsakanin hawa da hawa. Abin da ake mantawa shi ne tankin kwamfaresa yana tara ruwa. Ka buɗe ƙasansa kowace safiya. Kuma man ƙyalli da ake fesa wa taya da dashbod kada ya kusanci inda kake aiki, domin ɗigonsa kaɗan yana sa fenti ya fito da ramuka kamar zanzana.

Sai yanayi, wanda mai ɗakin gasa fenti bai damu da shi ba, kai kuwa shi ne ubangidanka. Da hunturu ƙura ce, ko ba ka gan ta ba tana sauka. Ka yayyafa wa ƙasa ruwa, ka kewaye wurin da leda, ka yi feshi da safe kafin iska ta taso. Da bazara, lokacin da zafi ke haura 40, tina mai saurin tashi takan bushe a iska kafin ta isa ƙarfe, aiki ya fito da kaushi kamar ɓawon lemo. Nemi mai jinkiri, kuma kada ka fesa ƙarfen da ya sha rana. Da damina laima ce, selulos ya yi fari-fari kamar hazo ya kwanta masa. Ranar da hadari ya haɗo, wanke bindigarka ka zauna.

To, mu koma kan gwangwanin madarar nan. Tun muna yara aka ce mana madara tana wanke fenti daga ƙirji. Na sha ta shekaru da dama, na kuma saya wa yarana. Ƙannena, madara ciki take tafiya, fenti kuma huhu yake shiga, hanyarsu ba ɗaya ba ce. A cikin hadna akwai sinadarin da ake kira aisosayanet. Hazonsa mafi laushi ido ba ya gani, hanci kuma ba ya faɗakar da kai, warin da kake ji na tina ne. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta gano cewa mai feshin mota ya fi sauran ma'aikata haɗarin kamuwa da asma ninki 80 ko fiye, a ƙasar da ke da ɗakunan feshi masu zuƙe iska. Muguntar abin ita ce jiki kan daɗe yana shanyewa shiru, sai rana ɗaya ya ƙi. Daga ranar, ko ɗan kaɗan ka shaƙa sai ƙirji ya toshe, sau da yawa da daddare, bayan an tashi daga aiki, har mutum ya ɗauka sanyi ne. Na san masu hannu fiye da nawa da suka bar sana'a ta wannan hanya suna da ƙuruciyarsu. Hankici ba ya tarewa, takunkumin da muka saba da shi lokacin korona ma haka. Takunkumi mai gawayi a gefe biyu yana taimakawa ga tina in ana sauya gawayin, amma abin da aka yarda da shi ga mai hadna shi ne takunkumin da ake turo masa iska mai tsabta ta tiyo.

Kai ka zaɓi sana'ar, yaran gidanku ba su zaɓa ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe. Ban ce ƙurarku ta kai waccan ba. Amma tsofaffin fenti, musamman ruwan ɗorawa da ja, an sha haɗa su da dalma, kuma idan ka kankare su a bushe a zaure, ƙurar ba ta san iyakar zaure ba. Ka jiƙa tsohon fenti kafin ka goge shi, ka share wurin da ruwa, ka cire kayan aiki kafin ka ɗauki jariri. Ragowar tina kada ta shiga kwata. Tururinta kuma ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarar da murhu ko janareto.

Ga yadda nake ganin a raba aikin. Kankara, fila, samfefa, rufe gefe da takarda, duk ka yi su a gida, nesa da yara, kuma su ne suka fi cin lokaci. Ƙananan gyare-gyare da marar hadna, a fili mai iska, da takunkumin kirki, babu laifi. Amma duk abin da aka zuba wa hadna, faraima ce ko kiliya, ka tara guda uku ko huɗu, ka ɗauka ka kai ɗakin gasa fenti ka biya hayar sa'a, ka sa kuɗin a lissafin mai mota. In ku huɗu ne a unguwa, ku haɗa kuɗi ku kama fili a bayan gari, ku sa fanka mai zuƙe iska.

Shi wancan matashin na jira har ya wanke bindiga, muka gaisa, ya ce min Baba, ya miƙo min madarar in fara sha. Na tambaye shi ko yana tari da dare. Ya yi dariya ya ce sanyin damina ne, ya ɗan kwana biyu yana damunsa. Na ce ya je asibiti, ya gaya wa likita sana'arsa tun kafin a tambaye shi, ya tafi da gwangwanin hadnar a hannu. Ya ce insha Allahu, idan ya miƙa bambar nan ranar Asabar.

Wassalam.

Naku,
Tsohon mai fenti, Kaduna