SHARHI: Takin noman rani da makomar ruwan rijiyoyi a Funtuwa da Malumfashi

Da zarar damina ta ɗauke, fadamun Funtuwa, Ɗanja, Bakori, Ƙafur da Malumfashi kan cika da tumatir, tattasai, attaruhu da albasa. Wannan noma na riƙe da dubban gidaje, amma akwai wata tambaya da ba a cika yi ba: ina ragowar takin da shuka ba ta sha ba ke tafiya?

Yankin ya daɗe da sanin takin zamani. Funtuwa na cikin wurare uku, tare da Gusau da Gombe, da aka fara shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970. Shirin Fadama na farkon shekarun 1990 kuma ya yaɗa gajerun rijiyoyin burtsatse da ƙananan injinan ban ruwa a Arewa.

Takin yuriya na ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100. Idan ya shiga ƙasa, ƙwayoyin halitta kan juya shi zuwa sinadarin naitiret, wanda ke narkewa cikin ruwa kuma ƙasa ba ta riƙe shi. Duk lokacin da manomi ya cika kwamin lambu da ruwa fiye da buƙatar shuka, rarar kan wuce saiwa ta nutse da sinadarin. Kudancin Katsina kuwa na zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, inda ruwan ƙasa ke taruwa a ruɓaɓɓen dutsen da ke kusa da sama da kuma cikin tsagogi. Daga wannan ruwa na kusa ne rijiyoyin gidaje da dama ke sha.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 na naitiret a kowace lita ta ruwan sha, ma'aunin Najeriya ma haka ya tanada. Haɗarin ya fi tsanani ga jariran da ake dama wa madara da ruwan rijiya, domin sinadarin na rage ƙarfin jini wajen ɗaukar iskar numfashi. Ba shi da launi ko wari, tafasa ruwan kuma ba ta kawar da shi.

Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, manoma da dama sun karkata ga injinan hasken rana. Sauƙi ne babba, sai dai injin da ba ya shan mai na iya sa a saki ruwa ba lissafi, abin da ke ƙara wanke taki zuwa ƙasa.

A nan ne lissafin kwamfuta ke da amfani. Manhajoji irin su MODFLOW, wadda hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar a 1984, na iya nuna inda ruwan ƙasa ke bi, a kuma yi hasashen rijiyoyin da gurɓata za ta fara isa. Amma lissafin na buƙatar awo na gaskiya: zurfin ruwa, yawan takin da aka zuba, da gwajin rijiyoyi rani da damina. Shi ne zai bambance naitiret na gona da wanda ke fitowa daga masai.

Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna da hukumar KTARDA ta Jihar Katsina duk ba su da nisa da waɗannan gonaki. Abin da ya dace shi ne su ware wasu rijiyoyi a kowace fadama, su riƙa gwada su a kai a kai, su kuma bayyana sakamakon ga jama'a.

Kafin nan, malaman gona na da hujjar da manomi zai saurara: takin da ya wuce saiwa kuɗinsa ne ya salwanta. Raba taki kashi biyu ko uku, binne yuriya maimakon watsa ta, da rage ruwa bayan an zuba ta, za su rage masa asara, su kuma kare rijiyar gidansa.