Kuɗin Tasha Ya Koma Tasha: Kira Ga Mutanen Kaele

Ya mutanen Kaele. Manoman auduga da masu albasa, 'yan kasuwa, direbobi da yaran mota, 'yan klando masu haya da babur, iyayenmu mata masu kwana kan buhu suna jiran motar asuba. Mundang da Tupuri da Giziga da Fulani, da mu Hausawa da fatauci ya kawo kakanninmu har suka yada zango suka zauna. Da ku duka nake, domin a garin nan babu gidan da mota ba ta taɓa ɗaukar masa mutum ba.

Bari in fara da abin da ya same ni. Wata rana cikin bazara na taso daga Garwa. Mun wuce Pitowa lafiya, mun wuce Figil, bayan mun karya a mararrabar Magada mota ta yi tari biyu ta mutu. Rana tsaka, irin ranar watan Afrilu da takan haura digiri 40, ga kwalta tana turiri. Ruwan da kowa ya riƙo ya ƙare kafin la'asar. Akwai wata baiwar Allah da goyo, jaririn ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Motocin wasu ajans, wato kamfanonin sufuri, guda uku suka wuce mu, ina hango kujeru babu kowa ta taga. Ɗaya ya rage gudu, yaron motarsa ya leƙo ya ce, "Ku yi haƙuri, ba fasinjanmu ba ne." Sai bayan isha'i aka turo mana makaniki. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don ba mugunta ce ta hana direbobin nan tsayawa ba. Tsari ne babu. Wanda ya ɗauke mu, wa zai biya shi? In ya koma, me zai gaya wa maigidansa?

Wannan tambaya ita ce gindin maganata. Kowace ajans da filinta, da akawunta, da makanikinta, da 'yar rumfar kwanonta. Kowa na ƙoƙarin ya mallaki komai shi kaɗai, ƙarshenta ba wanda ya mallaki abin kirki. Mai mota biyar ba zai iya sayen motar janwe ya ajiye ba. Mai mota uku ba zai haƙa rijiyar burtsatse don fasinja ba. Amma in aka tara masu biyar da masu uku da masu goma, janwe ɗaya ya ishe su, rijiya ɗaya ta ishe su, mai gadi ɗaya ya ishe su.

Kada wani ya ce ina zagin masu motoci. Na san irin wutar da suke ciki. A watan Fabrairun 2023 litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, gas kuma daga 575 zuwa 720. Shekara na zagayowa, a Fabrairun 2024, fetur ya koma 840, gas 828. Zuwa-zuwa, wato man sumoga daga Najeriya, da arewa ta daɗe tana jingina da shi ma ya yi fiffike tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Najeriya ta janye tallafin mai. Ga sefa 500 a kowane shingen kuɗin hanya, ga taya, ga inshora, ga abin da ba a rubutawa a rasit, wanda kowa ya sani. To, mutumin da ke cikin wannan matsi shi ya fi kowa bukatar a raba masa nauyi. Haɗa hidima ba sadaka ce za su yi mana ba, sauƙi ne za su yi wa aljihunsu.

Kuma ba baƙon abu nake kawo muku ba. Kakanninmu da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina suna ratsowa har Garwa da Ngaundere ba su da injin, amma sun fi mu sanin sufuri. Kowane falke da jakunansa, da hajarsa, da ribarsa. Ba wanda ke leƙa jakar wani. Sai dai ayarin ɗaya ne. Madugu ɗaya ke magana da sarakunan hanya ya biya fito a madadin kowa. Jagaba ɗaya ke gaba yana duba hanya. In an sauka zango, rijiya ɗaya, wuta ɗaya, masu tsaro ɗaya. Jakin wani ya faɗi, ba a cewa "ba jakinmu ba ne", a raba kayansa a kan sauran dabbobi a wuce, in an isa a yi lissafi. Gasa a kasuwa, haɗin kai a hanya. Mu da muka gaji motoci masu tafiyar kwana goma a wuni ɗaya, mun yar da wannan hikima a bakin titi.

In kuwa an ce wancan zance ne na da, to ga na yau a ƙofar gidanmu. Kaele garin auduga ne tun farkon shekarun 1950 da kamfanin CFDT na Faransa ya kafa sansaninsa a nan, kafin Sodecoton ta gaje shi a 1974. Wane manomi ne bai san ƙungiyar ƙauyensu ba? Taki da iri da magani a karɓo su da sunan ƙungiya, 'yan kowane rukuni su tsaya wa juna a kan bashi, ranar awo a ɗora auduga kan sikeli a gaban idon kowa, abin da ƙungiya ta samu na hidimar kasuwa a yi wa gari aiki da shi. Ba na cewa tsarin ba shi da ƙorafi, manoma sun fi ni sanin inda yake musu ciwo. Amma ya nuna cewa mutanen Mayo-Kani sun iya riƙe asusu na tarayya. Abin da manomi ya iya da auduga, me zai hana mai mota ya iya da fasinja?

Ga kuma abin da ya sa na ce yanzu ne lokacin. A 2025 aka buɗe gadar kogin Logon da ta haɗa Yagwa da Bongor ta ƙasar Cadi. Hanya mai lamba 12 da ta taso daga Magada ta nufi Gidigis da Yagwa ta cikin Kaele ta ratsa. Mai kunne ya ji: manyan motoci da fasinja da kaya za su ƙaru a kan wannan hanya, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Garin da ke da tasha mai ruwa da haske da wurin kwana, a nan direba ke tsayawa, a nan yake cin tuwo, ya sha shayi, ya yi faci, ya kwana. Garin da ba shi da su, ƙura kawai ake bar masa.

To me muke nema? Abu na farko ruwa. Famfo a tasha, da banɗaki mai tsabta, na mata daban, da wurin alwala. Wanda ya ga abin da kwalara ta yi wa yankin Arewa Mai Nisa a 2010 ba zai ɗauki wannan wasa ba. Tasha wuri ne da cuta ke hawa mota ba tare da ta yanki tikiti ba. Sai inuwa da fitila mai aiki da hasken rana, don mace ta jira motar dare ba da fargaba ba. Sai yarjejeniya a rubuce tsakanin ajans-ajans: duk motar da ta lalace tsakanin Magada da Yagwa, ta farko da ta iso da gurbi ta kwashi fasinja, musamman mata da yara da tsofaffi, a biya ta daga asusun tarayya a ƙarshen wata. Wannan kaɗai da an yi shi, da jaririn nan bai wuni a rana ba. Sai takardar sunayen fasinja ta gaskiya, da lambar wayar wani nasa, ba wadda ake cikawa don a nuna wa jandarma ba. Ranar da tsautsayi ya faɗa, da ita ake nemo dangi, da ita ake bin hakkin inshora. Mutanenmu nawa ne suka san cewa inshorar da mai mota ke biya ta shafi fasinjan da ke ciki? Da yawa sukan ce "haka Allah ya ƙaddara" su koma gida da karaya. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta goge hakki.

'Yan klando, ban manta da ku ba. Ku ne ƙafar ƙauye. Mota takan tsaya inda kwalta ta tsaya. Mai naƙuda daga bayan Lara ko Boboyo, cikin damina, a bayanku take isowa asibiti. Bai kamata a riƙa korarku daga bakin tasha kamar kaji ba. Ku nemi gurbinku a ciki, da layi, da lamba, da adashen da zai ɗauki nauyin wanda ya faɗi. Kuma ku yarda a ce muku hular kwano ba ado ba ce.

Akwai kuma 'yan'uwanmu masu nakasa. Dokar 13 ga Afrilun 2010 ta tanadar musu fifiko a sufuri. Wa ya taɓa ganin an rubuta wannan a bangon wata tasha? A rubuta, da Faransanci da Fulatanci da duk harshen da mutane ke ji, a kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Na san abin da ke ranku, don ni ma ya zo mini: asusu ɗaya, wa zai riƙe? Ba cinyewa za a yi ba? Tambaya ce mai kyau, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amsarta tana wurin awon auduga. Ba amana ce ke tsare sikeli ba, idon jama'a ne. A kafa allo a ƙofar tasha: abin da ya shigo wannan wata, abin da aka kashe, abin da ya rage. A sa hannu uku kafin kuɗi ya fita, na masu motoci, na direbobi, na fasinja, kuma cikin wakilan fasinja lallai a sami mace, don su ne suka fi kowa sanin wahalar tasha.

Yanzu ga makamin da ke hannunku, wanda da yawa ba su san suna da shi ba. Dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disambar 2019 ta ɗora gina tashoshin mota da kasuwanni da mahauta, da kula da su, a wuyan hukumar gari. Ba sai an je Yawunde ba, ba sai an je Marwa ba. Magajin gari da kansilolinsa suna nan tare da mu, muna haɗuwa a jana'iza da suna. Dokar nan ta ce zaman majalisarsu a buɗe yake ga jama'a, ta kuma ba kowane mazaunin gari damar neman ganin kasafin kuɗi da lissafin abin da aka kashe. Kowace mota da ta yi lodi tana biyan wani abu. Mai tallar ƙosai a bakin tasha ma tana yankar tikiti. Ba rigima muke nema ba, tambaya ce cikin ladabi: nawa ake tarawa a shekara, nawa ne ya koma tasha?

Saboda haka, limamai, ku faɗa ranar Juma'a. Fastoci da fada-fada, ku faɗa ranar Lahadi. Masu unguwanni, ku kai maganar fadar lamiɗo. Shugabannin direbobi, ku kira masu ajans ku zauna a tabarma ɗaya, ko sau ɗaya ne, ku fara da maganar motar da ta lalace a hanya, ita ce mafi sauƙi, ba ta bukatar bulo ko siminti. Ƙungiyoyin mata, ku rubuta takarda ɗaya ku sa hannu, wadda ba ta iya rubutu ta dangwala yatsa. Ɗalibai da ke zirga-zirga tsakanin Kaele da jami'o'in Marwa da Ngaundere, ku ne masu biro, ku taya iyayenku rubutawa, ku yi kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa ku dawo da shi.

Sannan a tambayo ranar da majalisar gari za ta zauna kan kasafin shekara mai zuwa. A sanar a kasuwa, a sanar a tasha, 'yan klando su kai labari ƙauyuka. Ran nan mu hallara da wuri, da takardarmu a hannu, mu cika kujerun baya.