YAWON BUƊE IDO: Wuni Guda A Gonakin Kwakwar Badagiri

 A wannan mako zan ɗauke ku daga hayaniyar Ikko, mu nufi yamma zuwa Badagiri, wani tsohon gari na bakin teku a Jihar Legas, kusa da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Binin. 'Yan'uwanmu fatake da direbobi sun san hanyar sarai, gama ita ce ta ke kai mutum Seme. Amma in ka tambayi goma daga cikinsu ko sun taɓa ratsewa su duba garin, da ƙyar ka sami ɗaya. Ni kaina na daɗe cikin wannan sahu, sai kwanan baya Allah ya nufa na je, na ko tabbata gani ya kori ji.

Tun daga wajajen Ojo mutum zai fara ganin lambuna a gefen hanya, ga alayyafo, ga latas, ga albasa mai lawashi, galibin masu ban-ruwan kuwa mutanenmu ne na Arewa. Da an ƙara gaba sai gidaje su ragu, iska ta sake, itatuwan kwakwar Attagara su fara bayyana, dogaye, sun sunkuyar da kai wajen ruwa. Tsakanin garin da babbar teku akwai wani gulbi mai faɗi, bayansa kuma ga siririn tudun rairayi, watau Gberefu. A kan wannan tudu da ƙauyukan kewaye, irin su Topo da Ajido, gonakin kwakwa su ke. A Topo ne 'yan mishan na Katolika suka kafa babbar gona tun 1876.

Na shiga gonar wani dattijo, mutumin Egun, waɗanda su ne tushen garin. Ya sa jikansa ya hau ya tsinko mana ɗanya, aka sare kanta da adda, na sha ruwan, sanyi kamar daga randa. Sa'an nan ya zaga da ni yana nuna mini amfanin itacen. Daga ƙwayar a ke tatsar mai na girki da na shafawa. Da ɓawon a ke tufka igiya, ƙoƙon kuma a yi gawayi. Ganyen shi ne jinkar ɗaki da shingen gida, tsinkensa tsintsiya, gungumen kuwa azara. Ba abin yarwa, kamar dai giginya a wurinmu. Sai dai itace ne mai son haƙuri: doguwar kwakwa takan yi shekara 6 zuwa 10 kafin ta fara 'ya'ya, amma in ta fara sai ta ci da mutum har jikokinsa.

A nan ne fa hankalina ya fara tashi. Yawancin itatuwan da na gani tsofaffi ne, kakanni suka dasa, 'ya'yansu sun ragu. Sabon dashe kaɗan ne ƙwarai. Dattijon ya ce samari sun tafi birni, masu kuɗi kuma suna zuwa suna sayen gona, a sare itatuwa, a yanka filaye, a zuba bulo. Ga masu haƙar yashi a gulbi, ga teku tana cin gaɓa sannu a hankali. Alhali kuwa saiwar kwakwar nan ita ce ke riƙe da rairayin. Wanda ya sayar da gona ya karɓi kuɗin shekara ɗaya, ya rabu da abincin shekara 60.

Daga gona na koma cikin gari don ganin kayan tarihi. Akwai gidan bene na 'yan mishan wanda aka gama a 1845, wanda a ke kira bene na farko a Nijeriya. Mu da muka san sorayen Kano da na Zariya muna da ta cewa a kan wannan kirari, amma in an ce benen farko irin ginin Turawa, to ba gardama. Akwai kuma ofishin Di'o na 1863, shekarar da garin ya shiga hannun Ingila, yanzu an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. A wannan gari ne Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a 1842 a gindin wani itace mai suna Agia, wanda ya faɗi a 1959, aka kafa alama a gurbinsa.

Amma inda jikina ya yi sanyi shi ne gidan Seriki Williams Abass, wanda ya rasu a 1919. Shi kansa bawa ne tun fari, daga baya ya zama babban dillalin bayi. A gidan akwai ƙananan ɗakuna masu duhu inda a ke tsare mutane kafin jirgi ya zo. Na ga sarƙoƙi da mari, na ɗaga ɗaya da hannu biyu, na ajiye. Daga nan na shiga kwalekwale na ƙetare gulbi, na bi turbar rairayi da ƙafa har bakin teku, wurin da su ke kira inda ba a komowa. Kwakwa dama da hagu, iska mai daɗi, wuri kyakkyawa, amma ta nan aka kora bayin Allah zuwa ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin mutanen Kudu ne. Cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa, daga Ikko zuwa Badagiri har Wida, akwai Hausawa da yawa, har suka yi suna da tayar wa iyayengijinsu a Bahiya ta ƙasar Barazil. A boren da bayi Musulmi suka yi can cikin azumin 1835, galibi Yarabawa ne, amma da Hausawa a ciki. Har ila yau daga Badagiri ne Kyaftin Clapperton ya tashi a Disamba 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya bi ta Oyo da Busa da Kano, ya mutu a Sakkwato a Afrilu 1827. Baransa Richard Lander ya komo Badagiri, ya sake dawowa da ƙanensa a 1830, suka bi Kwara har inda ta faɗa teku. Ashe hanyar da ta haɗa Sakkwato da wannan gaɓa ta girmi Nijeriya kanta.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga hukuma, a taimaki manoma da irin dashe, a kuma sa ido kan masu haƙar yashi, domin in gonakin nan suka tafi, gaɓar ma ba za ta tsaya ba. Ga malaman makaranta, musamman na unguwanninmu na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, ku ɗebi yara ku kai su, tafiyar wuni ɗaya ce, abin da za su gani kuwa ya fi karatun wata guda zama a zuciya. Ga mai niyyar zuwa, ya yi sammako saboda cunkoson hanya, ya daidaita kuɗin kwalekwale kafin ya shiga, ya nemi rigar kariya ta ruwa, kada kuma ya yarda yaro ya shiga teku, gama igiyar ruwan wurin tana da ƙarfin ja. In ka shiga gonar mutum ka yi sallama, ka sayi kwakwarsa, kada ka tsaya dogon ciniki.

Da zan tafi, dattijon nan ya ba ni ƙwaya ɗaya wadda ta riga ta tsiro, ya ce in dasa. Na ce masa ƙasarmu ba ta da laima irin tasu. Ya yi dariya, ya karɓa, ya kira jikansa, muka haƙa rami a gefen gonar muka binne ta tare. Allah ya raya ta, ya kuma raya mai ba ta ruwa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.